Gammon Baba Mailafiya

Yalwa tana zaune a 'yar kujerar kicin tana juya waina, ƙafarta ta hagu a miƙe saboda ciwon gwiwa, sai ta ji an banko ƙofar gida. Rumaisa ce, 'yarta ta biyu, ta dawo daga kantin maganin da take aiki. Ko abaya ba ta cire ba ta miƙo mata waya.

"Ummi, kin ga abin da Baffa ya saka a gurup ɗin gida?"

Yalwa ta goge hannu a zani ta karɓa. Bidiyo ne. Wani dogon Bature mai jan gemu, sanye da rigar 'yan sa-kai, yana tura wata tsohuwa a arabiyya, keken nan da ake ɗaukar marasa ƙarfi, tsakanin Safa da Marwa. Gumi ya jiƙe shi sharkaf. A ƙasan bidiyon ga muryar Baffa Mukhtaru kamar zai fasa wayar:

"Wannan ne ake so in tarba ranar Alhamis? Mai turin arabiyya? A gaya masa kada ya wahalar da ƙafarsa. Khalas, magana ta ƙare!"

Yalwa ta sake kallon bidiyon. Mukhtaru yayan marigayi mijinta ne, ɗan baffanta kuma, shi ne waliyyin 'ya'yanta. Shagunan darduma uku gare shi a unguwar Shisha, nan Makka, kuma tun da ya yi arziki ba a taɓa jin wanda ya ce masa a'a ba.

"Ilyas ɗin da ke neman aurenki ne wannan?" ta tambaya a hankali.

"Shi ne. Kuma kyauta yake yi, Ummi, duk Talata bayan ya fito daga aji. Laifi ne?"

"Ni dai na shiga uku. Ke kuwa Rumaisa, duk mazan Makka? Dubi yayarki Jawahir. Ita ma baƙo ta aura, amma Marwan Ba'amurke ne, manaja a otal, ga gida a Shisha, ga mota kamar ɗaki. Ke kin tashi kin ɗauko ɗan... me ma sunan ƙasar?"

"Aislanda."

"Aislanda! Ko direban tasi bai san ta ba. An ce azuminsu ma ba ya ƙarewa. Sana'arsa kuma gyaran injin jirgin kamun kifi!"

Rumaisa ta zauna a ƙasa, ta dafa gwiwar uwarta mai ciwo. Idonta ya cika da hawaye amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ummi, shekarata ashirin da bakwai. Ba zan gudu ba, ba zan ɗaga wa Baffa murya ba. Amma wallahi ba zan auri wani don motarsa ba. In ya hana, zan zauna a ɗakin nan ina juya miki waina har furfura ta fito mini. Ku zaɓa."

Wainar da ke tanda ta ƙone, babu wadda ta kula.

Kwana huɗu Yalwa ba ta da sukuni. Ita ba ta yi karatu mai nisa ba, aji shida ta tsaya, amma ta san abin da ke cin Mukhtaru. A Makka, in aka ce turin arabiyya, mutane Bahaushe suke hangowa, wanda ya zo hajji ya maƙale babu takarda, yana wasan ɓuya da 'yan sanda. Su da aka haifa a nan, masu katin ƙasa, sun shekara arba'in suna nesanta kansu da wannan hoto. Yanzu a ce suruki ne zai dawo musu da shi har cikin falo?

Ranar Talata ta yanke shawara ba ta gaya wa kowa ba. Ta ɗaura niyyar umara, ta hau tasi daga unguwarsu Utaibiyya. Ɗawafi ta lallaɓa ta yi da ƙafarta, amma da ta iso Safa gwiwar ta ce ba ta san zancen ba. Ta tsaya wajen 'yan sa-kai, ta ƙi wannan, ta ƙi wancan, har ta hango jan gemun.

"Kai, dogo! Zo ka tura ni."

Ya zo da sauri. Kafin ta zauna sai da ya durƙusa ya gyara matakin ƙafa, ya tambaye ta da Larabcinsa na littafi wace gwiwa ce mai ciwo, ya naɗe wani tawul ya tokare mata ita. Bai san ko wace ce ba.

A zagaye na biyu ta fara.

"Yaro, daga ina?"

"Aislanda, Khala," ya ce, wato Inna. "Karatun Larabci na zo. Babana ya musulunta kafin a haife ni."

"Ba ka jin kunya? Bature guda kana turin arabiyya?"

Ya ɗan rage sauri, kamar bai gane tambayar ba.

"Kunyar me, Khala?"

"Aikin talakawa ne mana."

Ya yi dariya. "A garinmu babu wanda zai gane wannan maganar. Mahaifiyata shugabar makaranta ce, babana yana yanka kifi a bakin teku, gidanmu kuma irin na likitan da ke maƙwabtaka da mu ne. Ni da ɗan likitan tare muka fara aikin kifi lokacin hutu, muna 'yan shekara goma sha biyar. Wanda ba ya aikin komai, shi ake kallo."

"To masu kuɗi fa?"

"Akwai su. Amma su ma su suke wanke kwanukansu."

Da suka zo wajen korayen fitilu inda maza ke sassarfa, ya sunkuyo ya ce, "Ki riƙe sosai, ba zan girgiza ki ba." Kalmar baban Yalwa ce wannan, sak. Haka Baba Mailafiya yake ce wa tsofaffin alhazai kafin a ɗaga su. Ta ja gyalenta ta rufe fuska, har suka gama zagaye bakwai. A Marwa ta dunƙula abin hannunta ta miƙa masa, ya ja da baya yana girgiza kai.

"Addu'a dai, Khala. Akwai wata yarinya da nake so, baffanta ya ƙi ni. Ban san laifina ba."

"Allah ya sa ka sani," Yalwa ta ce, ta juya da sauri don kada ya ga idonta.

Da ta koma gida ta jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa, cikin wani zani, ta ɗauko abin da ta shekara talatin ba ta nuna wa kowa ba, ta saka a jaka.

Ranar Juma'a, kamar kullum, dangi suka taru gidan Mukhtaru cin abincin rana. An shimfiɗa sufra, ledar cin abinci, ga shinkafa da rago. Mukhtaru yana kan kujerarsa, farar gutura a kai, mayafin nan na mazan Larabawa, ita ce ba ya cirewa ko a cikin gida. Marwan na gefensa. Rumaisa na can ƙarshe kusa da Jawahir, ko loma ba ta kai ba.

"Rumaisa, ci abinci," in ji Mukhtaru. "Bar ɓata rai. Ni ba baƙo na ƙi ba, ga Marwan nan. Amma baƙo ma iri-iri ne. Akwai ɗan Amurka, ƙasar arziki, akwai kuma ɗan masunta mai turin keke. Mu gidan nan mun wuce nan."

"Mun wuce ina, Yaya?"

Kowa ya juyo. Yalwa ce. Ita da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai take yi masa. Ta buɗe jakar, ta fito da abin, ta ajiye shi a tsakiyar sufra, gefen tiren shinkafa. Wani tsohon gammo ne na tsumma, ya yi baƙi ƙirin saboda gumi, tsakiyarsa ya lotsa.

"Ummi, mene ne wannan?" Jawahir ta tambaya tana yamutsa fuska.

"Gammon kakanku ne. Kafin a kawo arabiyya, a kan katako ake ɗora tsofaffi, shubriyya ake ce mata, maza huɗu su ɗauka a ka su yi ɗawafi da su. Shekara ashirin da biyu Baba Mailafiya yana wannan aiki. Da shi ya ciyar da ni. Da shi ya yi mini kayan ɗaki."

"Yalwa!" Mukhtaru ya daka tsawa. "Ayb! Abin kunya! A gaban suruki?"

"A gaban suruki, Yaya. Na gaji da ɓoyo! Na ce maza huɗu. Baba yana gaba ta dama. Wa ke baya ta hagu, yana ɗan shekara goma sha shida? Wa nake dafa wa ruwan zafi in gasa masa wuya in ya dawo?"

Yalwa tana kuka yanzu, amma ba ta tsaya ba.

"Na je na gan shi da idona. Ya tura ni sau bakwai bai san ni ba, ya lallaɓa gwiwata kamar ta uwarsa. In ka ce ba shi da addini, kawo shaida, ni zan fara korarsa. In ka ce ba zai iya ciyar da ita ba, mu bincika. Amma in don arabiyya ne, to ka fara korata daga gidan nan, don ni 'yar mai ɗaukar kaya ce, kuma ban ji kunya ba!"

Marwan ya ajiye cokalinsa. Hausarsa ba ta da ƙarfi, sai ya yi da Larabci, yana kiran Mukhtaru Ammi, wato Baffa.

"Ammi, ka yi mini izini. Kullum kana cewa ɗan Amurka, ɗan Amurka, ni kuma ina yin shiru don ina jin daɗi. Mahaifiyata sharar ofisoshi take yi. Aiki biyu take yi a rana, har yau, kuma da ta kwanta ciwo bara tsoron zuwa asibiti take saboda tsada. A garinmu akwai masu jirgin sama na kansu, akwai masu kwana a mota, titi ɗaya ne tsakaninsu. Ni daga ɓangaren motar na fito. Da a gida za a auna mu, ni da Ilyas, shi ne ɗan gata. Ban taɓa faɗa ba don na ga yadda kake kallon irin aikin."

Jawahir ta sunkuyar da kai. Ita ta sani, ita ma ta ɓoye.

Mukhtaru ya daɗe yana kallon gammon. Can ya miƙa hannu ya ɗauke shi, ya juya shi, ya kai hanci. Sannan a hankali ya zame guturar daga kansa. A tsakiyar kan, inda gashi bai sake fitowa ba, ga kantar ɗaukar kaya nan baƙa, faɗin tafin hannun jariri. 'Ya'yansa ma ba su taɓa ganinta ba.

"Ta dama nake," ya ce. "Baya ta dama. Kin manta."

"Na tuna, Yaya. So nake ka faɗa da bakinka."

Wata dariya ta kubce masa tare da hawaye. Ya share fuska da guturar, ya dubi Rumaisa.

"Ke kuma mai taurin kai, gadon uwarki ashe. Ki ce masa ya zo Alhamis mai zuwa. Amma zan bincike shi har kakansa mai kifi!"

Ya kuwa bincika. Ya je makarantarsu, ya gana da malamansa, ya sa Marwan ya yi magana da iyayensa ta waya. Bayan nan aka shiga neman izinin hukuma na auren baƙo, wanda ya ci wata goma sha huɗu. Sau biyu ana dawo da takardu. Mata a unguwa suka yi ta gutsiri-tsoma, wai 'yar Yalwa ta tsufa tana jiran mai kifi. Rumaisa ba ta tanka wa kowa ba, aikinta take zuwa ta dawo. Yalwa kuwa duk wadda ta kawo mata maganar, amsa ɗaya ce: "Eh, mai kifi ne, kuma mai turin arabiyya. Akwai saura?"

Tsoron nisa dai bai bar ta ba. Har yau in ta tuna wata rana za a ɗauke mata 'ya zuwa ƙasar ƙanƙara, sai ta shiga yi mata addu'a. Amma ta gane gara nisa da mutumin kirki a kan kusa da baƙin ciki.

Sati guda bayan ɗaurin aure, Mukhtaru ya ce zai yi umarar godiya. Ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, sai arabiyya. Da 'yan sa-kai suka matso, ya kore su da hannu.

"Ina da nawa. Ilyas! Zo nan."

Yalwa da Rumaisa suna biye a baya, suna jin tsohon yana ta faɗa tun daga Safa.

"Ba haka ake kwana ba, kai Bature! Sassauta kafin ka juya. Mu da muke yi a ka, ko ruwa ka ɗora mana ba zai zube ba!"

"To, Baffa," in ji Ilyas, da Hausar da bai fi kalma goma ya iya ba.

'Yan mata, da ku iyaye 'yan uwana, abin da nake so ku ɗauka ke nan. Sunan ƙasa ba ya ciyar da mace, kuma ba ya share mata hawaye. A kowace ƙasa akwai mai shi da mara shi. Ku dubi addinin mutum da yadda yake riƙe wanda ya fi shi rauni. Kada kuma mu raina aikin da ya raine mu, har mu kori mutumin kirki don ya tuna mana da iyayenmu. Rumaisa ta yi haƙuri ba ta saɓa wa manya ba, ba ta kuma sayar da zuciyarta ba, Allah ya ba ta.

Gammon kuwa bai koma akwati ba. Yana falon Mukhtaru, a kan kantar bango, inda duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya.