Zoɓon Uwaisu

A rumbun zoɓo na Magama, kusa da shingen boda, Uwaisu ya fara ganin 'yata Mutmainna. Tana cikin mata masu tsince tsakuwa da kara daga busasshen zoɓo. Shi ne mai sayen kayan daga ƙauyukanmu da na Maraɗi, a kai Legas, jirgin ruwa ya wuce da su wata ƙasa wai ita Meziko. Ya ce mutanen can suna shan zoɓo kamar mu, har da ƙanƙara.

Ta tambaye shi ko suna sa citta da kanumfari. Ya ce bai sani ba. Ta ce to su ba su iya ba ke nan. Ranar ya kewayo rumbun ya fi a ƙirga, wai duba aiki.

Ita take karanta mini saƙonninsa, don ni boko bai zauna mini ba. Na riƙe wannan: "Sanyin idona, na tambayo. Ba sa sa citta. Na ce musu akwai wata malama a Jibiya da za ta gyara musu zama." Ta mayar masa: "Ɗan Meziko, malamar ba ta koyarwa sai an gaida Babanta."

Ya zo ya gaida Baban nata, maigidana Malam Ummaru, Allah ya jiƙansa. Malam ya yaba da ladabinsa, amma ya ƙi. Ya ce kasuwar da ke bayan teku ba ta riƙe aure, ranar da ta watse mai ita ma watsewa zai yi. Hankalinsa ya fi kwanciya da Abbas, mai shagon taya a bakin tasha.

Sai ga maganar Malam ta tabbata. Aka ce an ga ƙwari a wani kayan zoɓo da aka kai Meziko, mutanen can suka rufe ƙofa har sai hukumomin ƙasashen biyu sun zauna. Dillalai suka kashe waya suka ɓace. Uwaisu ma aka ji shi shiru. Abbas ya zo zance yana cewa ai an ga Uwaisu ya tsallaka Nijar. Mutmainna ta daina cin abincin kirki. Ta rubuta masa: "In tafiya ka yi, da ka yi sallama." Amsa ba ta zo ba.

Ana haka Malam ya je ta'aziyya Gangara. Can ya tarar da Uwaisu tsaye a tsakiyar manoma, duk ƙura, wani dattijo yana wanke shi tas, don shi ya sa su shuka zoɓo a gefen gero. Yaron bai ɗaga murya ba. Ashe gari gari yake bi a kan babur, inda ko sabis ɗin waya babu, yana faɗa musu gaskiya ido da ido. Yana nuna musu su shanya zoɓon a kan tamfol, su zuba a sabon buhu su ɗaga daga ƙasa, don kayan su kai lokacin da za a buɗe.

Malam ya dawo bai ko cire takalmi ba ya ce mini in faɗa wa yarinya ta ci abinci. Na ce ai kasuwar ba ta buɗe ba. Ya ce, "Ba kasuwar zan ba 'yata ba, Salmatu. Na ga yaron ranar da ba shi da komai. A ce masa ya turo magabatansa."

Da Uwaisu ya shigo gari saƙonta ya same shi. Ya rubuto: "Ina zan je in bar ki, sanyin idona? Ki yafe mini shirun." Ta ja masa aji na yini guda, sannan ta yafe.

An ɗaura aure zoɓo na jibge a rumbu, ba wanda ya san ranar tashinsa. Malam da kansa ya ba da ita. Bai ga buɗe ƙofar ba, ciwo ya ɗauke shi kafin damina. Ranar da motar farko ta tashi daga Magama, Uwaisu bai bi ta ba. Nan ya zo da matarsa, suka zauna a ɗakina muka yi wa Malam addu'a.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Shi kuma da ya zaɓa mata, Allah ya haskaka makwancinsa.