Farin Fenti a Gindin Kurna

Baturiya, matar marigayi Maina dillalin tattasai, ta rasa kusurwar tsakar gidanta na Diffa, ta rasa ƙyamaren kabad ɗin madafarta, ta kuma rasa ƙanin mijinta yana da ransa. Abin da ta samu idanun 'yarta Haula ne.

Da ta fita takaba ta ce sai gidan ya sake fuska, kada maƙwabta su ce Maina ya tafi da arzikinsa. Aka kira Jibirin mai fenti, ta matse shi a ciniki har ya yarda zai gama a wuni guda. Ya kwance ƙyamaren kabad, ya goge su, ya nemi inda iska ba za ta kwashe masa feshi ba. Lurwanu, ƙanin marigayin, shi ya nuna masa gindin kurnar bayan madafa.

"Nan ya fi, Yaya," ya ce da ita. "Bango ya tare iska."

Maina bai taɓa bari a watsa ko ruwan zafi a wurin ba, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. Ita ta ɗauka rigimar tsufa ce.

Wutar lantarki ba ta dawo ba sai da rana ta yi ja. Jibirin ya ce a bari sai gobe, magariba ba lokacin feshi ba ce.

"Yau muka yi da kai," in ji Baturiya. "Ban sayi gobe ba."

Ya tayar da injin. Farin tururi ya tashi daga bakin bututun, ya lulluɓe ƙyamaren, ya haura cikin rassa. Ana kiran salla injin ya mutu da kansa. Gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki. Sai wani kuka siriri, irin na jinjiri, a gidan da babu jinjiri.

Daga ranar, da duhu ya fara sauka duwatsu suke zuba bisa kwano, kowane da ɗigon farin fenti. Sannan Haula ta wayi gari idanunta a liƙe, numfashinta na warin fenti. Asibiti ba su ga komai ba. Lurwanu kuwa kullum yana tafe da tausayi a fuska.

"Yaya, gidan nan ya ƙi ku. Ku koma garinku Shetimari, ni zan karɓe shi ko yaya yake, don zumunci."

Baturiya ta aika garin Geskeru aka zo da Goni Zarami, dattijon malami da aka sani da aikin iska. Ya zauna gaban yarinyar bayan la'asar, yana karatu a hankali, har inuwar kurna ta kai bakin tabarma. Sai Haula ta miƙe zaune, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa haka, Goni. Ba da kai nake ba."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Mun riga tubalin gidan nan zuwa. Maina ya roƙi wuri, muka ba shi, ya bar mana gindin kurna. Ƙaninsa ne shaida, shi ya riƙe ƙwaryar nono ranar. Shi kuma ya nuna inda jikana yake kwance, aka fesa masa fari a ido. Ido za a biya da ido."

Baturiya ta tuno Lurwanu yana nuna gindin kurna. Mutumin da take zuba wa tuwo da hannunta tun yana saurayi! Ta matso gaban tabarma, Goni ya ɗaga hannu, ta ture.

"Iya, jikanki ya makance ne, ko ciwo yake?"

"Ciwo yake."

"To ciwo na warkewa. Ki rage."

"Gidan duka."

"A gidan nan na wanke gawar mijina. Kurna da inuwarta, in zagaye miki da bango."

"Da ƙyamaren. Bisansu zai kwanta har ya warke. Ba ki ƙara sa wa kabad marfi ba muddin ranki."

Wannan ta yi mata zafi, don saboda idon mata ta fara aikin. Ta dubi fuskar 'yarta.

"Na sallama."

"Ƙara mana wanda ya nuna wurin."

"Ba na sayar da abin da ba nawa ba," in ji Baturiya. "Amma ba zai sake taka gidan nan ba."

Haula ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi jikin uwarta. Goni ya tofa a ruwa ya shafe mata fuska, ta buɗe ido tana cewa, "Inna, ƙishirwa."

Washegari Lurwanu ya yi sallama, da magini a bayansa don ya duba bangon gidan da yake shirin karɓa. Baturiya ta tsaya a zaure, ta cika ƙofa.

"Yaya, kin yi shawara?"

"An riga ka, Lurwanu. Masu kurna sun taya, na sallama. Kusurwa na ba su da ƙyamare, na karɓi idon Haula. Zumuncinmu da kai na ɗora a kai, gyara."