Hannun da Ke Riƙe da Orval

Gab da faɗuwar rana, ana shirin rufe ƙaramin asibitin wani ƙauye a Manitoba ta ƙasar Kanada, tsoho Orval Pelletier ya shigo dafe da ƙirji. Likita Noreen ta san shi sarai, ita ta yi jinyar matarsa Lucille har ta rasu bara. Babban asibiti yana da nisa, ga dusar ƙanƙara ta toshe hanya. In zuciyarsa ce ta toshe, allurar narkar da gudan jini ce za ta cece shi. In ba ita ba ce, allurar na iya kashe shi. Takardar gwajin zuciya ce kawai za ta raba gardama.

Nas Dwayne ya manna masa wayoyi, na'ura ta turo takarda. Noreen ta duba, ta harare shi.

"Ka sake haɗa wayoyin a baibai ko?"

"Haba likita, sau ɗaya fa na taɓa yi, kin ƙi mantawa."

Ba ta yarda ba. Ita dai Noreen ko agogon bango sai ta tuhume shi. Ta cire wayoyin, ta manna da kanta, ta kashe hitar ɗumama ɗaki don kada ta dami na'urar. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar takarda tana fitowa.

Bugu biyu ne a kan layin, suna hawa kan juna. Ɗaya na Orval. Ɗayan kuwa kowane bugu da ɗan siririn tsinke a gabansa, alamar mai batirin zuciya.

"Orval, an sa maka batiri ba ka gaya mini ba?"

"Ni? Lucille dai aka sa wa."

Ta shafa ƙirjinsa, babu tabo. Bugun wani kan shiga takarda ne in yana taɓa majiyyacin, wannan ko ɗalibi ya sani. Dwayne kuwa yana can bakin ƙofa.

Sai ƙamshin man shafawa na furen lafanda, irin na Lucille, ya cika ɗakin.

Ta dubi hannun hagun tsohon. Yatsunsa a lanƙwashe suke, sun yi fari, kamar an matse su.

"Likita," Dwayne ya ce da raɗa, "mu fita."

Leɓen Orval ya fara yin shuɗi. Tsoro ya kama Noreen, amma ta sunkuya.

"Lucille, don Allah ki sake shi. Ba na iya karantawa."

Yatsun ba su buɗe ba.

Ta kama yatsun tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wani sanyi ya damƙe wuyan hannunta.

Ya ja.

Ta fizge da ƙarfi har ta bugi gado.

"Danna na'urar, Dwayne!"

Takarda ta fito da bugu ɗaya tal, layin ya ɗaga sama kamar tudun kabari. Toshewa ce. Ta yi masa allurar.

Orval ya rayu. Da ya dawo duba lafiya, Noreen, sanye da riga mai dogon hannu da ta rufe shatin yatsu a wuyan hannunta, ta ce masa, "Matarka tana ƙaunarka, har yanzu tana riƙe maka hannu."

Tsohon ya girgiza kai.

"Ba riƙe ni take yi ba, likita. Ja na take yi. Tun ranar nan kuma ba ta sake zuwa wurina ba. Ke fa?"