Ranar Da Ganguna Suka Riga Kanari

Falon Malama ba falon hira ba ne. Piyano ya cinye rabinsa, takardun kiɗa sun cinye sauran, sai kujeru biyu masu tauri da baƙo ba ya daɗewa a kansu. A nan ta yi shekara da shekaru tana koyar da 'ya'yan mutane, fensir a hannu, tana ƙwanƙwasa katako duk sanda yatsa ya kauce. A nan kuma ta koyar da Autanta tun ƙafafunsa ba sa kai ƙasa daga kan benci.

Yau Autan ne durƙushe a gabanta, ƙato da shi har da gemu, yana ta murza makullin mota.

"Na ji, aure kake so," in ji Malama, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wace ce?"

"Ai kin san ta, Umma. Kanari."

"Na san tsuntsu mai wannan suna."

Yayarsa, wadda ta zo gaisuwa ta maƙale a ƙofar kicin don kada labari ya wuce ta, ta tuntsire da dariya. "Kai Umma, ke ma dai. Yarinyar nan ce mai waƙa a wuraren biki, wadda muryarta ke tashi a kowace tasi."

"Na gane ta sarai," in ji Malama. "Ita ce ta ƙarasa lalata min yaro."

Yaron da aka ce ya lalace ɗin nan fa ba ƙaramin mutum ba ne. Ya yi karatu mai zurfi a kan kiɗan manya, irin wanda makaɗa ke zama sahu-sahu cikin baƙaƙen kaya, kowa da takardarsa a gabansa, mutum ɗaya ya tsaya da 'yar sanda yana jagorantar su. Da ya dawo, sai aka gan shi yana yawon tashar mota da shagunan aski, yana sauraron abin da samari ke taka rawa da shi. Ya ɗauko gangar titi ya zaunar da ita kusa da goge, ya haɗa jita da sarewa. Malamansa suka ce ya zubar da girmansa, 'yan situdiyo suka ce ya cika iyayi. Sai kiɗansa ya fito a wani fim, aka gama fim mutane suka ƙi tashi, suna zaune shiru har sautin ƙarshe ya mutu. Daga nan sunansa ya tafi. Yanzu babban ɗakin kiɗa na birnin, inda Malama ta yi ƙuruciyarta tana mafarkin ganin ɗanta, ya nemi ya tsara masa sabon kiɗa. A tsakiyar kiɗan kuwa ya sa muryar Kanari.

"Ta iya karanta takardar kiɗa?" Malama ta tambaya.

Auta ya sosa ƙeya. "Da kunne take ɗauka, Umma. Amma wallahi in kika ji ta—"

"To rubuto min abin da za ta rera. In waƙarta waƙa ce, za ta zauna a takarda. Na saurari yarinyar nan a rediyo, na saurare ta a wayar yayarka, waƙa ɗaya ce amma ba ta taɓa yin ta iri ɗaya sau biyu ba. Macen da yau daban gobe daban, ita zan damƙa wa ɗana? Ka kawo min ita a rubuce, in sa albarka. In ba haka ba, ka bar zancen."

Auta ya fita, yayarsa na bin sa da "Allah ya ba da sa'a, ango."

Washegari suka kulle kansu a situdiyo, shi da fensir, ita da makirufo. Kanari doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, sai ta buɗe baki da waƙa mutum ya rasa inda wannan murya take ɓuya a ɗan jikin nan. Ta rera, ya rubuta. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita, sai ga shi inda ɗazu ta hau yanzu ta sauka, inda ta ja numfashi yanzu ta wuce.

"Haba Kanari, ɗazu ba haka kika yi ba."

"Ɗazu ai fankar nan a kashe take. Kuma ɗazu ba ka ɓata rai ba."

"Ina ruwan fanka da waƙa, don Allah?"

"Ni dai abin da na ji a ɗaki shi nake bi. Ban iya wani abu ba."

Suka yi ta yi har fensir ya gajarce, kwandon shara ya cika. Da ta daure ta haddace layi ɗaya ta maimaita shi daidai, sai waƙar ta fito a bushe kamar karatun jarida. Auta ya jefar da fensir.

"Shi ke nan, a ɗaura auren kawai. Ni ba yaro ba ne. In Umma ta ga jika za ta huce."

Kanari ta ajiye makirufo a hankali, idanunta sun ciko. "Kada ka sake faɗar haka a gabana. Matar nan ita ta ɗora yatsunka a kan piyano. Ba zan shiga gidanka a kan hawayenta ba, ko da son ka zai kashe ni, kuma yana nema ya kashe ni ɗin. In cire ni daga kiɗan zai sanyaya mata rai, ka cire ni. Akwai masu digiri da yawa."

Sai kuka ya ƙwace mata. Shi ma gogan naka ya juya baya yana gyara wayoyin da ba su lalace ba.

Bai cire ta ba. Ita kuma ba ta fasa zuwa gaishe da Malama ba, duk da amsar ba ta wuce "lafiya" a daƙile. Wata rana ma a tsaye ta gama gaisuwar ta fita, ta share hawayenta a bakin get, ta dawo mako na gaba da murmushinta.

Da kiɗan ya kammala, Auta ya kai wa mahaifiyarsa kwafinta. Ta sa tabarau tana bi da fensir, tana gyaɗa kai ba da son ranta ba, don aikin ya kai aiki. Can ta tsaya. Shafi guda fari fat, babu komai sai layin masu goge da aka ce su riƙe sauti ɗaya, da 'yar rubutu a ƙasa: ganguna su jira sai Kanari ta gama.

"Wannan ce amsarka?"

"Ita ce, Umma. Na kasa rubuta ta."

"To zan zo. Zan zauna a sahun gaba da takardar nan, in ga yadda za ta kunyata ka a gaban manya. In hakan ta faru, kada in sake jin sunanta."

Ranar wasan, tun da sauran rana ɗakin ya cika maƙil. Ga dattawa masu kwat da sanda, ga samari masu askin banza da ba su taɓa taka wurin ba, kowa na hararar kowa. Malama ta zauna a sahun gaba, takarda a cinya, yayar Auta a gefenta tana ta ɗaukar hoto har aka tsawatar mata.

Auta ya fito, ya ɗaga sanda, ɗakin ya yi tsit.

Manyan gogen suka fara daga can ƙasa, sautin da kafin kunne ya ji shi ƙirji ya riga ya ji. Ƙananan suka hau kansu sannu a hankali, sarewa ta ratsa ta tsakiya ita kaɗai, siririya, har mutum ya ji tausayinta. Sai jita ta shigo da ɗan takun nan na titi da kowa ya sani, kuma maimakon ta yi faɗa da gogen, sai suka rungume ta. Wani dattijo ya kama kansa yana kaɗa ƙafa, ya yi sauri ya daina. Samarin baya da suka zo da niyyar ihu suka yi zuru, baki buɗe. Tsigar jikin Malama ta tashi. Ta san kowane sauti a takarda, amma ba ta san haka zai cika ɗaki ba, kuma tsoro ya kama ta cewa wannan abu daga cikinta ya fito.

Aka iso farin shafi. Auta ya sauke sanda. Masu goge suka riƙe sautinsu ɗaya, Kanari ta tako gaba cikin doguwar riga marar ado, ta lumshe ido, ta fara.

Subhanallahi. Muryar ta taso a hankali, ta yi sama, ta yi sama, har mutum ya ce yanzu za ta tsinke, sai ta karyo ta sauko lafiya lau. Makaɗan nan da suka saba kallon takarda duk suka zuba mata ido, suna jan gogensu da numfashinta. Babu mai tari, babu mai motsi. Yayar Auta, mai dariyar nan, hawaye ne shaɓe-shaɓe a fuskarta.

A nan ne Auta ya yi abin da ba a yi. Ya saci kallon mahaifiyarsa. Ya ga kanta a sunkuye, fensir a tsaye a kan farin shafi, fuskar nan babu alamar komai. Gabansa ya faɗi, hannunsa ya motsa, sandar ta yi sama. Masu ganguna kuwa sanda suke jira. Suka sako kiɗa gaba ɗaya, da ƙarfinsu, alhali Kanari tana tsakiyar baiti.

Fensir ya suɓuce daga hannun Malama. Duk cikin masu sauraro ita kaɗai ke da takarda, ita kaɗai ta san ɗanta ne ya zame, ba yarinyar ba. Ta ga masu goge sun fara kallon juna, ta ga gumi ya keto wa Auta. Ta taɓa ganin irin haka, ta san yadda ake ƙarewa: mawaƙiya ta yi shiru, ta juyo ta kalli mai sanda, duniya ta gane waye ya yi ɓarna.

Kanari ba ta juyo ba. Ko ido ba ta buɗe ba. Ta ɗan karkata kai kamar mai jin ana kiran ta daga nesa, ta taka ƙafa sau ɗaya, ta cafke gangar. Baitin da ta faro a hankali ta ninka masa sauri, ta hau kan kiɗan ta zauna daram, sannan ta ja sauti guda mai tsawo, ta riƙe shi, ta riƙe shi, har masu goge suka gane hanya take nuna musu, suka biyo ta. Auta ya dawo hayyacinsa ya karɓi jagora. Abin da ya biyo baya kuwa ko a takarda bai kai haka kyau ba. Ɗakin ya ɗauka, dattawa da samari suka miƙe tare, tafi kamar rufin zai sauko.

Malama ba ta tafa ba. Ta sunkuya ta ɗauko fensirinta daga ƙasa.

Bayan an tashi ta ratsa ta bayan dandali, tsakanin akwatunan goge da wayoyin lantarki. Ta tarar wata 'yar jarida ta tare Kanari da abin ɗaukar magana.

"Wurin nan da ganguna suka faɗo a tsakiyar waƙarki, gaskiya ya girgiza ni. Dabarar waye?"

"Kiɗan duka nasa ne," in ji Kanari tana murmushi. "Ni bi kawai nake yi."

Da 'yar jaridar ta wuce, Malama ta matso. Kanari ta durƙusa har ƙasa. Auta ya taho kamar wanda za a yanke wa hukunci.

"Kai," in ji Malama, "ka shigo da ganguna kafin lokaci."

"Na sani, Umma."

"Hankalinka na ina?"

"Yana wurinki."

Ta juya ga Kanari. "Ke kuma me ya hana ki tsayawa? Da kin tsaya, kowa zai san ba laifinki ba ne. Kin san sharaɗin da na sa. Da abin ya watse a bakinki, ke zan ɗora wa."

"Na sani, Mama," in ji Kanari. "Amma da na tsaya, shi za a kalla. Gara a ce ni ce."

Malama ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Matar da ko a makoki ba a cika ganin hawayenta ba, sai ga shi suna zuba.

"Na zalunce ki, 'yata. Na ɗauka rashin tsayawa wuri ɗaya ne ke damun ki, ashe sauraron na kusa da ke kike yi. Ni na koya masa kada ya yi kuskure, amma ban taɓa koya masa abin da zai yi in ya yi ba. Tashi." Ta kamo hannunta ta ɗaga ta da kanta. "Auta, ka je ka ga iyayenta. Allah ya yi muku albarka."

Kanari ta faɗa jikinta tana kuka, Auta ya zube a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu. Yayarsa ta iso da gudu tana tambayar me ya faru.

An yi auren, kuma sunan Auta ya ci gaba da tafiya ƙasa-ƙasa, Kanari na gefensa. Da ta biye masa ranar da ya ce a ɗaura ko Umma ba ta so, da sun sami juna sun rasa uwa. Ta yi haƙuri, ta riƙe girman mahaifiyarsa a lokacin da ake wulaƙanta ta, sai Allah ya ba ta duka biyun. Ku masu neman abokin zama, kada ku tsaya neman wanda ba ya kuskure, don babu shi. Ku nemi wanda in kun zame a gaban jama'a zai tare ku, ya rufa muku asiri, ko da shi za a zarga.