Baƙin Garin da ke Rawanin Muhammadu

Ranar Talata da hantsi, cikin bazarar 1996, aka kawo wa Sufeto Barmo labari a kwamisariya, ofishin 'yan sandan Madawa. Wani dattijo, Muhammadu na Azarori, ya rasu a asibitin mishan, danginsa kuma sun rantse allurar Kaleb, malamin asibitin, ita ta kashe shi. Barmo ya kulle Kaleb, ba don ya yarda da laifinsa ba, sai don kada a farfasa masa kai.

Ya tarar da Jima, matar mamacin, zaune a wurin makoki.

"Inna, mi ke damun shi tun farko?"

"Fuka ce, ɗana, ciwon sarƙewar numfashi. Shekara goma tana kwance, sati ukkun nan ta tashi kamar an aiko ta."

"Mi ya sake a gidan cikin sati ukkun?"

"Ba komi. Sai dai sabon rawani da ya sayo kasuwar Bangi, wajen wani Tanimu. Ka san mazanmu, ba su buɗe hanci da baki gaban mutane. Ko tuwo zai ci, ta ƙarƙashin rawanin yake kai loma."

Barmo ya murza rawanin. Shunin kirki shuɗi yake bari a fata. Wannan baƙi ƙirin ya bar masa a yatsu.

A ɗakin gwaji na asibitin, Malama Lai'atu ta ɗora kakin da mamacin ya tofar kafin ya cika a ƙarƙashin madubin likita.

"Leƙa, ranka ya daɗe."

Ya leƙa, ya kasa ɗagowa. Cikin ɗigon da bai kai kan allura ba, ga baƙaƙen ƙwayoyi fululu, sun fi garken tumaki, kowace kamar 'yar'uwarta. Shekara ashirin yana farautar masu wuƙa da masu guba, bai taɓa zaton abin da ido ba ya gani zai kayar da namiji ba.

"Allahu Akbar! Duk wannan cikin ƙirjin mutum guda?"

"Su suka kumbura masa hanyar numfashi har ta toshe. Allurar Kaleb ta buɗe ƙirji ce, ta dai zo a makare."

Ta kakkaɓe rawanin a kan farar takarda, ta kawo maganaɗisun tsohuwar rediyo kusa. Baƙin garin da ya zubo ya miƙe tsaye kamar gashi, ya yi tsalle ya manne. Barmo ya ja da baya.

"Ba tsiro ba ne, ba ƙasa ba ce," in ji ta. "Ƙera shi aka yi. Garin injin fotokopi ne."

Ranar kasuwar Bangi Barmo ya sami Tanimu a rumfarsa yana ta tari.

"Wanga rawani daga ina?"

"Daga marinar Kano, yallaɓai Sufeto, bugun asali! Dubi walƙiya."

"Ban da kasuwa, ina kake aiki?"

"Noma kawai."

"Noma? Jiya ina bin sawun baƙin garin nan, na gan ka kana shara a wani biron buga takardu na Madawa, gindin injin fotokopi."

"Mai kama da ni ne."

Barmo ya ciro maganaɗisun, ya goga a rawani na sama. Ya ɗaga shi ya yi baƙin gashi, 'yan kasuwa suka ɗauki salati.

Tanimu ya durƙusa. "Wallahi garin zubarwa ake yi. Na ga yana sheƙi, sai in kwaɓa da ɗan mai in buga wa yadi mai araha. Ban san yana shiga ciki ba."

"Ga shi kai ma ya shige ka. Mutum nawa ka sayar wa?"

"Sha ɗaya."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi cikin mota yana tari.

Da la'asar Barmo ya buɗe wa Kaleb ƙofa, ya faɗa masa komai. Kaleb bai tambayi hanyar gida ba.

"Sha ɗaya, ka ce? Cire Muhammadu, saura goma suna shaƙa. Miƙo mini jakar allurata, Sufeto, ka tada mota."