Malamata 'Yar Attantane

A wajen taron malaman fizik a Tasawa Abdulwahab ya fara ganin Hafiza. Ɗiyar makiyaya ce daga Attantane, tana nazarin kwamfutar kwantik a jami'a, aka gayyato ta ta yi wa malamai bayani.

Ta murza faifai a kan tebur. Ta ce kwamfutar da muka sani sifiri ko ɗaya take riƙewa, amma kubit, wato ƙwayar bayanin kwamfutar kwantik, tamkar faifan nan yake yana juyawa, duka biyun yana ɗauke da su, sai an auna shi ya kwanta gefe guda.

Abdulwahab bai daina tambaya ba har aka watse. Ya koma Mayahi inda yake koyarwa da lambarta, yana kiranta Malamata, ita kuma tana ce masa Ɗalibina. Tambayar fizik ta fara raguwa, ta lafiyar shanun Baffanta ta ƙaru.

Ana cikin haka ta samu gurbin karatun dakta a ƙasar waje. Da ya kai zancen aurenta gida, mahaifiyarsa Hajjo ta ce sam, ba ta ga matar da za a aura ta haye jirgi ba, ga Rukaiya ɗiyar ƙanenta a gida. Kunya ta hana shi gaya wa Hafiza, ya yi shiru. Ita kuwa ta ɗauka tafiyar ce ba ya so.

Saƙonta ya shigo yana aji: "Ɗalibina, na fasa tafiya. Shirunka ya fi mini komai ciwo."

Alli a hannunsa ya mayar: "Malamata, kada ki fasa. Laifina ne. Ga ni nan tafe."

Bai tafi shi kaɗai ba. Ya durƙusa gaban Hajjo ya karanta mata saƙon. Da ta gama ji, sai ta miƙe ta ɗauki mayafinta.

A Attantane Hafiza ta kawo mata fura da nono, idonta a kumbure. Hajjo ta kama hannunta.

"Ɗiyata, da gaske kin bar karatunki don ɗana?"

Hafiza ta sunkuyar da kai.

"To ban yarda ba. A ɗaura aure, ki tai ki gamo. Mu muna nan."

Bayan an cire gero aka shafa fatiha. Ranar tafiya Hajjo da kanta ta ɗaure mata kaya, ta dafa kanta ta ce, "Allah Ya kai ki lafiya, Ya maido mana ke, Ya albarkaci zamanku."

Abdulwahab ya amsa da amin.