Na Baya Na Marar Wutsiya Ne

Tukunya kawai Anti Olwen ta ce in kai kan tudu. Dakakken dankali ne da karas da man shanu, irin wanda muke ci a yammacin ƙarshe na watan Oktoba, ranar da sanyi ke shigowa. Ta naɗe tukunyar da tawul, ta ɗora min a hannu, idonta na kan murhu.

"Ki bi a hankali da ƙafar nan taki, Menna."

"Ke ba za ki zo ba, Anti?"

"Da waɗannan gwiwoyin? Tafi abinki."

Ina budurwa na bar ƙauyenmu na tafi Liverpool aikin jinya, can na yi furfura. Ba miji, ba ɗa. Iyayena sun rasu, gidanmu kuma wasu 'yan Ingila suka saya, suna zuwa hutu su tafi. Dangin da suka rage min a kwarin nan su ne Anti Olwen, ƙanwar mahaifiyata, da ɗanta Tegid wanda ya auri Nesta. Nesta kuwa benci ɗaya muka zauna tun daga ajin farko har muka gama.

Ita ce ta bugo min waya. Ta ce an rufe makarantarmu za a sayar, 'yan ajinmu sun ce a haɗu a hura wutar tudu kamar yadda muke yi muna yara. "In ba ke, babu taro," in ji ta. Na shiga ɗakin ajiye magani na sha kukana, wai an tuna da ni. Shashasha kawai.

Wutar tudu ba wani abu ba ce mai wuyar ganewa. A tara busasshiyar ƙaya a kan tudun da ke bayan makaranta, a cinna, a ci, a yi waƙa. Da harshen wuta ya kwanta sai wani ya ƙwala ihu: "Gida! Gida! Na baya na Marar Wutsiya ne!" Sai kowa ya zuba a guje zuwa katangar duwatsu, a haye matakalar da ke jikinta, a faɗa hanyar gari. Marar Wutsiya macen alade ce, baƙa wuluk, da kakanninmu suka ce tana fitowa daga toka ta ɗauki wanda ya rage a bayan katanga.

Ni kuwa da guntuwar ƙafa aka haife ni. Kowace shekara ni ya kamata in zo ƙarshe, amma ban taɓa zuwa ba. Nesta ta riƙe hannuna, Idwal ɗan mahauci ya ɗaga ni cak, mu haye katanga mu uku a tare, kada a samu na baya. Kafin a yi ihu Nesta takan matse hannuna sau biyu. Alamarmu ce tun a ƙarƙashin benci, ma'anarta ina nan.

Hanyar tudu ta bi ta ƙofar gidan Nesta. Rana ta faɗa bayan duwatsu, hayaƙin gawayi ya kwanta a kan rufin gidaje. Na lura fentin ƙofarta ya kankare daga ƙasa har zuwa gwiwa, kamar an daɗe ana goga wani abu mai nauyi a jiki. Ga taɓo ya bushe a bakin ƙofar. Ga wani wari, irin na garken aladu, alhali tun muna yara aka daina kiwon alade a ƙauyen.

A tagar sama na ga Lowri, autar Nesta. Na ɗaga mata kai. Yarinyar ta rame har ƙasusuwan fuskarta sun fito, idonta kuma ya wuce ni, yana kan hanyar da ke bayana. Aikina ne sanin fuskar da ke shirin tafiya, kuma na gane wannan. Da rana, da na iso gari, na tambayi Nesta lafiyarta, ta ce ƙarancin jini ne, ta kawo wata magana.

Na juya. Ba kowa a hanya, sai tunkiya ɗaya da ta manne da katanga tana rawar jiki.

Da ƙyar na haye matakalar da tukunya a hannu. A kan tudu na tarar har wuta ta kama.

"Kai jama'a, ga gurguwar Liverpool!" Idwal ne, yanzu shi ke da shagon naman ubansa.

"Tumbinka na fara gani tun daga gindin tudu," na ce. "Naman kake sayarwa ko cinyewa?"

Aka kwashe da dariya. Aka rungume ni. Aka tuna malamar da ke dukan mu da rula in mun yi lissafi da yatsu, da ranar da Idwal ya saki kwaɗo cikin majami'a ana tsakiyar wa'azi. Suka yi ta cika min kwano. Suka sa ni a wuri mafi ɗumi, can bayan wutar, inda iska ba ta bugawa. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Ban lura wurin shi ne mafi nisa da katanga ba.

Takalmansu na fara lura da su. Mutane masu jikoki, manoman da ban taɓa ganin su ba sai da takalmin roba na taɓo, kowa sanye da sabon takalmin gudu, an ɗaure igiya tam.

"Tsere za ku shiga ne?" na ce.

Ba wanda ya yi dariya.

Sai na duba kewaye. Babu yaro ko ɗaya. Wutar tudu ta yara ce, amma ba wanda ya zo da jikansa. Tegid ma bai zo ba, wai yana gida da Lowri.

Aka fara waƙar majami'a, wadda muke yi da murya huɗu. Idwal na waƙa yana kallon wuta, gumi na tsiyaya daga goshinsa cikin wannan sanyi.

Harshen wutar ya fara kwanciya.

Tumakin da ke kuka a gefen dutse suka yi tsit. Iska ta tsaya. Ban jin komai sai ƙaya na fashewa cikin garwashi, ƙas, ƙas.

Warin nan ya dawo.

Nesta ta zo ta tsaya kusa da ni. Ta laluba hannuna ta riƙe. Tafinta sanyi ƙalau, jiƙe da gumi. Ta matse sau biyu.

Hankalina ya kwanta. Na yi mata murmushi.

"Gida! Gida! Na baya na Marar Wutsiya ne!"

Ta saki.

Ba zamewa hannun ya yi ba. Yatsuna ta ɓamɓare da ɗaya hannun, ta ture ni a ƙirji, na faɗi zaune cikin ciyawa. Kafin in tashi sun yi nisa. Ba dariya, ba ihu irin na yara. Sai ƙarar takalma da haki.

"Nesta! Ke, wane irin wasa ne wannan?"

Ba ta waiwayo ba.

Na miƙe na bi su, ina jan ƙafa. A bayana toka ta motsa. Na ji garwashi na zubewa, kamar wani abu ya miƙe daga ƙarƙashinsa yana kakkaɓe jiki.

Sai gurnani. Ƙasa-ƙasa, daga cikin maƙogwaro.

Ban juya ba. Na faɗi, na tashi. Ƙaya ta yage min tafin hannu. Can gaba ina ganin inuwarsu suna haye katanga, suna ture juna. Idwal ne na ƙarshensu. Ya tsaya a kan dutse na biyu na matakala, ya juyo.

"Idwal! Miƙo min hannu!"

Muka haɗa ido. Mutumin da ya sha ɗaga ni a wannan wurin.

"Ki yafe mana, Menna," ya ce. Ya sa ƙafa ya doki dutsen takawa na ƙasa, wanda ashe sun riga sun sassauta shi. Dutsen ya gangara cikin duhu. Ya haye, ya dira ta can.

Na isa katanga. Ta kai min kafaɗa. Na kama, na ja jiki, guntuwar ƙafar ta kasa kai wa dutse na biyu. Na zame. Na sake. Farcena ya karye.

Takun na matsowa. Ba gudu take ba. Me zai sa ta yi gudu?

Ƙasa na nutsewa a ƙarƙashin kofatonta, caɓ, caɓ.

Numfashi mai zafi ya bugi bayan gwiwata. Warin ƙonannen gashi da ruɓaɓɓen abinci. Wani abu mai danshi ya shinshina ƙafata ta hagu, a hankali, daga diddige zuwa sama.

"Kada ki juya."

Raɗa ce, daga gindin katanga ta gefen damana. Wata ƙaramar inuwa ta miƙe tana dogara sanda.

"Anti?"

"Yi shiru. Taka bayana."

Ta durƙusa a inda dutsen yake, ta dafa ƙasa da hannu biyu. Tsohuwar da ta ce gwiwa ba za ta bar ta ta hau tudu ba.

"Anti, me ke faruwa?"

"Bara Lowri ce ta zo ƙarshe." Tana magana tana haki. "Ta kuɓuta, amma abin ya biyo ta gida. Kullum magariba yana bakin ƙofa. Ba ya karɓar baƙo, sai wanda aka haifa a kwarin nan. Aka ce a nemo wanda ba shi da mai yi masa kuka."

Gurnanin ya ƙaru. Na ji shi har cikin haƙorana.

"Wa ya ba su lambar wayata?"

Ta ƙara sunkuyar da kai ƙasa.

"Anti, wa ya ba su?"

"Ni. Lowri jikata ce, Menna." Ta gyara durƙusonta. "Amma da kika ɗauki tukunyar nan kika juya, tafiyar yayata, mahaifiyarki, na gani. Taka, don Allah, taka!"

Na taka. Na ji ƙashin bayanta ya yi ƙara ƙarƙashin takalmina. Na kama saman katanga, na mirgina, na faɗo ta ɗaya gefen a kan kafaɗa.

Na miƙe na zura hannu ta sama. "Kamo! Anti, kamo hannuna!"

"Ai dole a samu na baya," ta ce.

A nan na yi abin da ta hana. Na leƙa.

Duhu ne ya yi tudu a bayanta, ya fi katangar tsawo. Ƙananan idanu biyu, ja kamar garwashin da ta fito daga ciki. Anti Olwen ta juya ta fuskance ta, ta gyara ɗankwalinta kamar mai shiga majami'a.

Sauran wutar da ke kan tudu ta mutu lokaci ɗaya.

Na gangara ina rarrafe, ina ihu. Na buga kowace ƙofa a layinmu. Fitilu a kashe, labule a sauke, ina jin numfashinsu a bayan katako. Ba wanda ya buɗe. Baƙin nan 'yan Ingila da suka sayi gidanmu, su suka buɗe min, suka ba ni bargo a ɗakin da aka haife ni.

Da safe aka same ta zaune, ta jingina da katanga, sandarta a kan cinya. Ba rauni ko ɗaya. Likita ya ce zuciya ce, da sanyi, da tsufa. Tukunyarta na can gefen toka, an lashe ta tas.

Ranar jana'iza Lowri ta sauko da ƙafarta. A wajen shan shayi na ga ta cinye burodi mai zabibi har yanka uku, kumatunta sun fara ja. An sake wa ƙofarsu fenti. Ban ji haushin yarinyar ba, ba ta san komai ba. Ta zo ta rungume ni ta ce, "Anti Menna, Mama ta ce ke ce babbar ƙawarta a duniya."

Mai wa'azi ya ce Olwen mace ce mai riƙe zumunci. Na zauna ina tunanin in gode mata ne ko in tsine mata. Har yau ban yanke ba, shi ya sa ban taɓa kai fure kabarinta ba. Idwal ya aiko min da cinyar rago a naɗe cikin takarda. Na bar ta a bakin shagonsa, karnuka suka yi biki.

Ban sake taka kwarin ba. A asibiti abokan aiki na yi min tsiya, wai da an tashi taro ni ce farkon fita, da ɗingishina da komai. Ina barin su su yi dariyarsu.

Amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da aka gama binne ta, mutane suka jeru a bakin maƙabarta suna yi wa dangi gaisuwa. Nesta na tsaye kusa da ni cikin baƙaƙen kaya, tana share hawaye. Ana cikin haka na ji yatsu masu sanyi sun lalubo nawa.

"Anti Olwen tsohuwa ce," ta raɗa min, idonta na kan kabari. "Ba mu san ko Marar Wutsiya ta ƙoshi ba. Za ki zo baɗi, ko?"

Ta matse hannuna sau biyu.